Filin Lambu: Kankanata ta yi girma, amma cikinta fari fat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na shuka kankana a bayan gida, da tumatir da kuɓewa kaɗan. Da na ga ɗaya ta kai girman kan mutum sai na tsinke, na ajiye ta kwana huɗu a ɗaki don ta ƙarasa nuna. Da muka yanka, ciki fari fat, ba zaƙi, yara sai dariya suke yi mini. Ina na kuskure? Daga wata uwargida a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi wa kankana lissafin mangwaro ne. Mangwaro da gwanda in sun ƙosa aka tsinko, a kwando suke ƙarasa nuna. Ita kuwa kankana, ranar da kika raba ta da yaɗonta, ranar zaƙinta ya tsaya. Ko wata za ta yi a ɗaki, sai dai ta ruɓe.

Ni ma girman ne ya taɓa ruɗa ni. Ina yaro a lambun mahaifina a Kura, na tsinke guda bakwai da safe ɗaya don na gan su ɓul-ɓul. Tsoho bai ɗaga murya ba. Wuƙa ya miƙo mini, ya ce in yanka ɗaya in cinye a gabansa. Lami, kamar ɗanyen duma. Da na gama sai ya ja ni muka tsuguna a gindin wata, ya nuna mini ɗan siririn zaren nan mai murɗewa da ke fitowa daidai inda kankanar ta maƙale da yaɗo. Muddin yana kore, ki ƙyale ta. In ya bushe ya koma ruwan ƙasa, ki mirgina ta a hankali ki duba gefen da ta kwanta a kai: fari na nufin da saura, in ya yi rawaya-rawaya kamar man shanu, ta yi. Ƙyallin bawonta ma zai dushe.

Ƙwanƙwasawar da masu sayarwa ke yi a bakin titi fa? Gaskiya ce, nunanna tana amsawa dum-dum, ɗanya kuma ƙau-ƙau, amma sai kunnen da ya shekara yana saurare. Ban ba ki shawarar dogaro da ita bana ba. Gara ki rubuta ranar shuka: irin su Kaolack da Sugar Baby kan ɗauki kwana 75 zuwa 90. In saura kamar mako guda, ki rage ban ruwa, don yawansa yana tsinka zaƙi, yana kuma fasa ta.

Tumatir ba shi da wannan rigima, yana nuna bayan an tsinke. Shi ya sa masu lodin kwanduna zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ke ɗebe shi da zarar ya fara ja. Ke da tukunyarki ke kusa, bar shi ya yi jawur a jikin uwarsa.

Kuɓewa kuma kishiyar kankana ce, jira ne ke ɓata ta. Kwana 4 zuwa 6 bayan fure ya buɗe ta isa tsinka. Ki karya ɗan tsininta da yatsa: in ya ɓalle ɗas, ta miya ce, in ya lanƙwashe ya ƙi karyewa, ta tsufa, ki bar ta ta bushe ki sami irin baɗi. Ki riƙa zagaya ta duk bayan kwana biyu, don in tsofaffi suka taru a jikinta sai ta rage haihuwa.