Me ya sa waƙar barkwanci ke cin kasuwa amma ta faɗi a gasar ƙasashe?

Malam, ka ce waƙar da ta cika Kano, ana jin ta a adaidaita sahu da shagunan masu tura waƙa a Farm Centre, in an kai irinta gasar ƙasa da ƙasa sai ta sha ƙasa. Ka tambayi dalili.

Ma'aunin ne ya bambanta. Jadawalin waƙoƙi yawan saye da saurare yake ƙirgawa, kuma waƙar ban dariya tana samun wannan da sauri, saboda mutanen gida sun san wanda ake zolaya. Gasa kuwa baƙi ne ke yin hukunci. A Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, ba a barin ƙasa ta jefa wa waƙarta ƙuri'a, minti uku kawai ake bayarwa, kuma dole a rera kai tsaye. Habaicin da ya sa Bakano dariya, ɗan Sweden zai tsaya yana kallo ne kawai.

A 2007 waƙar raha ta Scooch, ƙungiyar mawaƙa ta Birtaniya, ta kai ta biyar a jadawalin ƙasar, amma ta ƙare kusa da ƙarshe a gasar Eurovision da aka yi a Helsinki. Sai dai a wannan shekarar Verka Serduchka na Ukraine ya zo na biyu da wasan barkwanci, domin nasa a ido yake, ba ya buƙatar fassara.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar yawan kallo a TikTok a matsayin shaidar cewa waƙa za ta ci gasa. In kana da niyyar shiga gasa, nemi mai koyar da murya, sannan lauya ya duba maka ƙa'idojin gasar da haƙƙin mallakar kiɗan kafin ka sa hannu.