Na'urar leza ta ce masallacinmu lafiya lau, mu saki jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne ma'ajin kwamitin tsohon masallacin Juma'a na garinmu, ginin ƙasa ne tun na kakanni. Tun da masallacin Zariya ya rufta kan masallata hankalinmu bai kwanta ba, domin namu ma ya tsage a bangon alƙibla. Wasu samari sun zo da jirgi mara matuƙi da na'urar leza, suka auna, suka nuna mana masallacin yana juyawa a kwamfuta, suka ce ginin lafiya lau, a dai yaɓe shi da siminti. Kullum almajirai na karatu a ciki. Mu saki jiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ku saki jiki. Yau ɗin nan a janye almajiran daga jikin bangon, a mayar da sahun gaba baya, sai an duba.

Aikin da samarin suka yi yana da amfani, ba na rena shi. Leza tana harba haske, ta auna nisan duk inda ya faɗa, ta tara miliyoyin ɗigo-ɗigo da ke fito da siffar gini har zuwa 'yan milimitoci. Jirgin kuma yana ɗauko hotunan rufi da rawani da zanko, inda hawa ke da haɗari. Da wannan za ka san karkatar bango da lotsawar rufi a lissafe. Lokacin da cocin Notre-Dame na Paris ya kama da wuta ran 15 ga Afrilu 2019, awon leza da masanin tarihin gine-gine Andrew Tallon ya yi masa tun kafin gobarar yana cikin abin da aka koma gare shi. Jami'ar Cape Town ma ta yi irin wannan awo a masallacin Djenne da na Djingareyber a Tumbuktu, duk a ƙasar Mali.

To amma ga inda nake shan fama kusan kowane mako. Mutane sun ɗauka leza hoton asibiti ce, tana ratsa bango ta ga cikinsa. Ba ta ratsa ko da takarda. Fatar gini kawai take gani. Azarar da gara ta cinye cikinta ta bar ɓawo, a kwamfuta za ta fito sumul kamar jiya aka sare giginyar. Danshin da ke hawowa daga tushe yana narkar da tubali, leza ba ta san da shi ba. Bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, ƙarfinsa yana cikin azarorin da aka binne a laka aka ɗaure, kuma babu ɗaya a cikinsu da haske ke kai wa. Saboda haka duk wanda ya auna gini sau ɗaya, rana ɗaya, ya ce maka lafiya lau, ko bai san aikinsa ba ko kuɗinku yake so. Awo guda yana faɗa maka yadda bango yake ranar nan. Ko yana motsi, sai an sake aunawa daga tabbatattun alamomi iri ɗaya, kafin damina da bayanta, a ɗora wannan kan wancan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne hoton nan mai juyawa yana sa dattawa su yi shiru. Tsohon maginin da ya shekara arba'in yana ƙwanƙwasa bango ya ji inda ya yi kogo, sai ya ga kwamfuta ya naɗe hannu, wai ilimi ya zo. A Zariya fa, an ruwaito Sarkin Zazzau yana cewa an lura da tsagewar kwana guda kafin ginin ya rufta ran 11 ga Agusta 2023, ana sallar La'asar. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, ya kusa shekara 200 a tsaye, kuma ido ne ya ga alamar.

Akwai na'urorin da ke ɗan leƙa ciki. Kyamarar zafi tana nuna inda bango ya fi sanyi saboda jiƙa, in an ɗauka da asuba ko bayan faɗuwar rana. Na'urar rada (radar) tana iya nuna kogo ko katako a binne, sai dai jiƙaƙƙiyar laka tana shanye siginarta. Duk da su, sai an tone ɗan wuri an taɓa bakin azara da hannu.

Maganar siminti kuwa ita ta tabbatar mini cewa samarin nan masu awo ne, ba masu gyaran ginin ƙasa ba. Siminti yana kulle danshi a cikin bango, ƙasa ta ruɓe a bayansa, waje yana ƙyalli. An yi wa masallacin Larabanga na Ghana haka a shekarun 1970. Danshi ya taru, gara ta shiga katako, daga baya sai da aka kankare simintin kakaf aka koma yaɓen ƙasa. Kuma ka lura, in kun shafa siminti aka sake kawo leza, bangon zai fi fitowa da kyau fiye da da. Mu da muke da makuba da laso, kayan yaɓenmu na gargajiya, mene ne na wahalar da kai?

Ga abin da nake so kwamitinku ya yi. Ku karɓi ainihin bayanan awon a hannunku, a tsarin fayil ɗin kwamfuta na E57 ko LAS, tare da zanen ƙasa da na yankan bango mai ma'auni, domin bidiyon WhatsApp ba ya gyara komai. Ku ɗana ɗan gilashi ko farar ƙasa a kan tsagewar, ku rubuta kwanan wata, a riƙa dubawa kowace Juma'a. In ya fashe, bangon na tafiya, a rufe wajen a tokare. A duba indararo, a duba ko an ɗaga titi ko an yi kwata da ke turo ruwa gindin ginin, don galibi can ciwon yake. Sannan a haɗa Sarkin Magina da injiniyan da ya san ginin ƙasa su zagaya tare.

Na san za a ce sai an rubuta wa hukumar kayan tarihi an jira amsa. A rubuta, hakkinsu ne. Amma tokare bango da janye yara ba sa buƙatar hatimin kowa, kuma ku da kuka karɓi amanar masallacin nan, ku za a fara tambaya game da almajiran da ke zaune a gindinsa, nan duniya da gobe kiyama.