Hukuncin Ajiye Kifin Teku a Gida Don Ado

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Barnawa, Kaduna. Na sayi akwatin gilashi na zuba ruwan gishiri, na sa kifayen teku masu launi a falo saboda yara. Biyu sun mutu ranar da aka daɗe ba a kawo wuta ba. Abokina ya ce tsare su haramun ne, kuma almubazzaranci ne. Ina da laifi? In ruwan ya fantsamar mini a riga, zan iya salla da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, asalin ajiye kifi don ado halas ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa ƙanensa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) yakan tambaye shi labarin tsuntsun, bai taɓa cewa a sake shi ba. Daga nan malamai, har da Ibn Hajar, suka ciro halaccin tsare tsuntsu da kashe kuɗi kan abin da yaro zai yi wasa da shi na halal. Kifi ma haka yake.

Sai dai halaccin yana da sharaɗi, kuma nan nake so ka buɗe kunne. A hadisin Ibn Umar, wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Kyanwa ko ba komai tana kuka a ji. Kifi ba ya kuka, kuma iskar da yake shaƙa, da gishirin ruwansa, da zafi ko sanyinsa, duk a hannunka suke. Don haka sanin yadda ake kula da shi ya zama wajibi a kanka tun ranar da ka sayo shi.

Masana harkar sun ce ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma gishirin miya ba ya yi, akwai haɗi na musamman da ake sayarwa. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27. Ka duba Kaduna: Maris da Afrilu zafi yakan kusanci 40, Disamba da Janairu kuma hunturu. Ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take yi, famfon da ke juya shi in ya tsaya sai ka ga kifi sun taso sama suna haki. Da alama abin da ya kashe naka ke nan. Idan ruwa ya ƙafe ya ragu, ruwan daɗi marar sinadarin kilorin ake ƙarawa, domin gishirin bai tafi ko'ina ba. Duk mako ɗaya ko biyu a sauya kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan akwatin. Sabon akwati kuwa sai ya yi makonni 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar kashin kifi su zauna, mai gaggawar cika shi da kifi tun kafin nan kashe su yake yi da hannunsa.

Biyun da suka mutu, in ba ka san haɗarin ba, ba ka da zunubi in sha Allahu, kuma babu kaffara. Amma yanzu ka sani. In kana da sola ko inbata da za ta riƙe famfo dare da rana, ci gaba. In ba ka da shi, bai halatta ka riƙa sayowa suna mutuwa kana sake sayowa ba, wannan cutar da rai ne da tozarta dukiya, kuma Annabi (SAW) ya hana tozarta dukiya. Ka ba wanda zai iya, ko ka koma kifin ruwan daɗi da ya fi juriya. Kada ka zuba su a kogin Kaduna da sunan ka 'yanta su, kifin teku ba ya rayuwa a ruwan daɗi.

Zancen almubazzaranci kuwa ya danganta da aljihun mutum. Wanda ya sauke haƙƙin iyali, ya fitar da zakka, babu bashi a wuyansa, ba a hana shi ado ba. Wanda kuɗin makarantar yara ke jiransa, gara ya bari. Ina kuma jan kunnenka kan abin da wasu ke faɗa cewa kifin ado yana jawo arziki ko yana tare kambun baka, wannan camfi ne da ke taɓa tauhidi.

Rigarka tsarkakakkiya ce. Annabi (SAW) ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, kamar yadda Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. A mazhabarmu kashin abin da ake cin namansa ba najasa ba ne matuƙar ba najasa yake ci ba. Ka yi sallarka da ita.

Wallahu a'alam.