In Taɓa Jarin Shago Don Ɗana Ya Zama Ɗan Wasan Ƙwallon Gora?

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan abinci a birnin Edmonton na ƙasar Kanada ya aiko da wannan tambaya: "Ɗana shekararsa 12, yana buga ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, kuma kocinsa ya ce yaron yana da baiwa. Ana so ya koma ƙungiyar zaratan yara, wadda za ta ci mini kusan dala 15,000 a shekara. Na ga shahararren ɗan wasan gora Connor McDavid ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 100. Ina tunanin in cira daga jarin shago, ko in ci bashi, tunda in ya yi nasara zai mayar da ninkin-ba-ninki. Me kake gani?"

Alhaji, Allah ya raya mana yaron, ya yi masa albarka. Amsata a taƙaice ita ce: ka biya masa wasan daga riba gwargwadon ƙarfinka, kada ka taɓa uwar kuɗi, kada ka ci bashi a kai.

Labarin McDavid gaskiya ne. A 2017 ya sa hannu da ƙungiyar garinku, Edmonton Oilers, kan dala miliyan 100 na Amurka a shekara 8, wato miliyan 12.5 kowace shekara. Sai dai kai ɗan kasuwa ne, ka san bambancin ciniki da riba. Adadin da jarida ke bugawa ciniki ne. A lardinku na Alberta, mai samun irin wannan kuɗi harajinsa na sama yana kai kashi 48 cikin 100. Wakilinsa na da la'ada. Ga kuma wani kaso da hukumar NHL, babbar gasar wasan gora ta Amurka da Kanada, ke riƙewa daga albashi, domin yarjejeniyarsu ta ce masu ƙungiyoyi da 'yan wasa su raba kuɗin shiga rabi da rabi. A kakar 2020 zuwa 2021, lokacin korona, kashi 20 cikin 100 aka riƙe. In ka gama cire-cire, abin da ke isa gida bai wuce kusan rabi ba.

Rabin miliyan 100 ma ai dukiya ce, na yarda. Abin tambaya shi ne mutum nawa ke kaiwa can. Ƙungiyoyi 32 ne a NHL, kowace tana riƙe 'yan wasa 23 a jerin masu bugawa, gurbi 736 ke nan, kuma daga Kanada, Amurka, Suwidin, Finland, Rasha da sauransu ake kokawar su. A Kanada kaɗai, masu rajistar buga wannan wasa sun haura rabin miliyan. Kowace shekara matasa 224 ƙungiyoyin NHL ke zaɓa, kuma da yawa cikin waɗanda aka zaɓa ɗin ba sa zama daram a babbar gasar. Wanda ya shiga, kwantiraginsa na farko yana da rufi, wanda a kakar 2024 zuwa 2025 bai kai dala miliyan 1 a shekara ba in ba da ladan bajinta ba. Mafi ƙarancin albashi dala 775,000 ne a kakar 2024 zuwa 2025. Amma da yawa kwantiragi mai fuska biyu suke da shi: ranar da aka mayar da mutum ƙaramar gasa ta AHL, albashinsa ya faɗo ƙasa warwas. Ga rauni, ga bugun kai, ga gwiwa. Sana'a ce da yawancin masu yinta ke barinta suna da ƙuruciya.

Da wani zai zo shagonka ya ce ka zuba dala 15,000 duk shekara har shekara 6, ba takarda, ba jingina, kuma cikin ɗaruruwan masu zubawa ɗaya ne zai ga riba, na san da ba ka saurare shi ba. Abin da ya sa wannan ya shiga ranka shi ne ɗanka ne, kuma ban ga laifinka ba.

Akwai wani labari da nake so ka riƙe, domin ya shafi uba kai tsaye. Jack Johnson ɗan wasan baya ne da ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 30.5 na shekara 7 da ƙungiyar Los Angeles Kings a 2011. Ya damƙa wa iyayensa ragamar kuɗinsa, aka yi ta cin bashi mai ruwa da sunan albashin da bai riga ya karɓa ba. A 2014, yana tsaka da bugawa ƙungiyar Columbus, ya je kotu ya bayyana karayar arziki: bashin da ke kansa ya haura dala miliyan 10, abin da ya mallaka bai kai dala 50,000 ba. Ba ina kwatanta ka da kowa ba ne, Alhaji. Abin da nake tsoro shi ne wannan kalma da ka yi amfani da ita, "zai mayar". Ranar da uba ya fara lissafa ɗansa a matsayin haja, yaron ya fara shiga fili da bashi a wuyansa. Ɗan shekara 12 yana gane irin wannan nauyi ko ba a faɗa masa ba, kuma in wata rana ya ce ya gaji da wasan, da wace fuska zai dube ka? Wani ɗan wasan ma, Evander Kane, da kwantiragin miliyan 49 a hannu, ya bayyana karaya a 2021 da bashin miliyan 26.8, har da asarar caca a ciki.

Shagon kofi na Tim Hortons da kake wucewa kullum, ɗan wasan gora ne ya kafa shi. Tim Horton yana bugawa Toronto Maple Leafs ya buɗe na farko a Hamilton a 1964, yana neman abin dogaro bayan wasa. Kai ka riga ka mallaki abin da ya fita nema, kuma shi ne zai ciyar da yaron ko ya kai NHL ko bai kai ba.

To, ga yadda zan yi da ni ne. Ka ɗauko littafin shago na wata 12 da suka wuce, ka cire kuɗin haya, albashin yaran shago, haraji, cefanen gida da abin da kake aikawa gida. Abin da ya rage shi ne ribarka ta gaskiya. Ka ware wani kaso daga ciki, wanda in ya tafi bai dawo ba barcinka ba zai ragu ba, ka rubuta shi a shafin kashe-kashe kusa da kuɗin makaranta. In ya kai 15,000, bismillah. In bai kai ba, yaron ya ci gaba a matakin da yake. Ka sayi takalma da sulke na gwanjo tunda ƙafarsa girma take yi, ka kuma nemi tallafin ƙungiyoyin agaji masu biya wa yara kuɗin wasanni, KidSport ko Jumpstart, in kun cika sharaɗinsu.

Kafin duk wannan, ka buɗe masa asusun ajiyar karatu na RESP in ba ka buɗe ba. Gwamnatin Kanada tana ɗora kashi 20 cikin 100 a kan dala 2,500 na farko da ka zuba kowace shekara, wato dala 500, har jimilla ta kai 7,200. Ka tambayi banki tsarin da ya dace da addininka wajen juya kuɗin.

Sannan ka koma wurin kocin ka ce ya rubuta maka lissafin duka, har da tafiye-tafiye, otal da horon bazara, domin galibi a nan kuɗin ke kumbura. Ka tambaye shi kuma, yara nawa ya horar, nawa ne suka kai ko da gasar matasa ta WHL, wadda ke biya wa ɗan wasa karatun shekara guda kan kowace kaka da ya buga. Ka aiko mini da amsarsa tare da lissafin ribarka, mu duba tare.