TRPV1 ɗaya, amsar kalsiyum biyu

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da kapsaisin, sinadarin yajin barkono, ke tada kalsiyum daban a jijiyoyin ɓera da ƙwayoyin HEK293, ƙwayoyin ɗan Adam da ake renonsu a labo. TRPV1, ƙofar da kapsaisin ke buɗewa a jikin ƙwaya kalsiyum ya shiga, ɗaya ne; gidan, wato ƙwayar da yake ciki, shi ne ya bambanta. A jijiya, da TRPV1 ya buɗe, cajin ƙwayar kan canza, wasu ƙofofin kalsiyum su buɗe su ƙara nasu. HEK293 kusan ba su da waɗannan ƙofofi.

Amma don Allah ka kula da zafin labo. TRPV1 kan buɗe da kansa wajen digiri 43 na Celsius, ɗumi kuma na ƙara masa jin kapsaisin. A Yamai cikin Afrilu, in kuran ya yanke kilim ta tsaya, awon Fura-2 (rinin da ake auna kalsiyum da shi) na safe ba zai dace da na la'asar ba.