Dawowar Al'ada Bayan Tiyatar Cikin Wajen Mahaifa

'Yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar miki da alheri. Kin ce mako uku ke nan da yi miki tiyatar cikin da ya zauna a bututun mahaifa, har yanzu ba ki ga al'ada ba.

Jinin kwanakin farko ba haila ba ne, mahaifa ce take zubar da shimfiɗar da ta yi wa cikin. Al'ada takan dawo cikin mako 4 zuwa 6, bayan sinadarin da jiki ke samarwa lokacin goyon ciki ya sauka a jini, amma ƙwai yakan riga ta fita, saboda haka ciki zai iya shiga tun jiki bai murmure ba. Don Allah kada ki sha jiƙon kiran jini.

Idan zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani ko jiri ya taso, ki garzaya wurin likitan mata a Asibitin Turai Yar'adua nan Katsina.