Tambaya da Amsa: Landan zuwa New York, awa uku ko goma sha biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana zai tashi daga Landan zuwa New York, ya turo min hoton tikitinsa. Na ga jirgin zai tashi ƙarfe 10 na safe ya sauka ƙarfe 1 na rana, awa uku ke nan. A dawowa kuwa zai tashi 7 na yamma, sai 7 na safe zai sauka. Yaya hanya ɗaya za ta ci awa uku a tafiya, goma sha biyu a dawowa? Ko wani wuri za su yada zango? Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba inda za su tsaya. Agogo biyu ne a tikitin: lokacin tashi na garin da aka baro ne, na sauka kuma na garin da aka isa. Landan tana gaban New York da awa 5, in ban da 'yan makonni a Maris da kuma ƙarshen Oktoba da tazarar ke komawa 4. Ƙarfe 1 na rana a New York, 6 na yamma ne a Landan, tafiyar awa 8 ce ke nan. A dawowa, 7 na yammar New York ita ce 12 na daren Landan, daga nan zuwa 7 na safe awa 7.

To, saura awa ɗayan nan da ta rage tsakanin zuwa da dawowa, kuma ita ce ta fi burge ni. Nisan bai canza ba, kusan kilomita 5,550 ne, jirgin kuma yana gudun kusan kilomita 900 a awa. Abin da ya bambanta iska ce. A can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa inda jirage ke bi, akwai wani kogin iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, a lokacin sanyi gudunsa kan wuce kilomita 200 a awa. Mai zuwa Amurka gaba yake da ita, kamar kwalekwalen da ke haura ruwa, shi ya sa matuƙa kan kauce mata ko da hanyar ta ƙaru. Mai dawowa kuwa shiga cikinta yake yi ta tura shi. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgi ƙirar Boeing 747 na kamfanin British Airways ya zo Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56.

Wasu kan ce duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgin. Da haka ne, ai tafiya yamma ce za ta fi sauri, tunda duniya gabas take juyawa. Iskar da jirgin ke ciki tare da duniyar take tafiya.

Idan kuma ɗanki ya ce miki ya ga jirgin a taswira ya lanƙwasa ta kusa da Kanada, ba ɓata suka yi ba. Duniya a dunƙule take, ki ja zare a kan ƙwallo tsakanin wurare biyu ki gani, nan ce hanya mafi kusa.

Ki sa ran kiransa bayan ƙarfe 6 na yamma agogon Landan, ki ƙara masa awa ɗaya ko biyu na layin duba fasfo da jiran kaya. Allah ya kai shi lafiya ya dawo miki da shi lafiya.